Tambaya da Amsa: Wankin Riga Mai Aikin Hannu da Adana Ta

Tambaya: Maigidana yana da babbar riga ta farar shadda mai aikin hannu, aska takwas, da shuɗin zare. Wuyanta ya yi dauɗa, amma ina tsoron wanke ta, domin wadda ta gabace ta da aka kai wa mai wanki ta dawo aikin ya tattare, launin zaren kuma ya zuba a jikin yadin. Yaya zan yi? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, tsoron da kike ji yana kan hanya. Riga mai aikin hannu abu biyu ne aka haɗa, wato yadi da zare, kuma kowannensu da irin halinsa idan ya sha ruwa. Shadda auduga ce, tana ɗan shiga a wankin farko, musamman a ruwan zafi, alhali zaren aikin ba lallai ya shiga daidai da ita ba, shi ya sa kika ga gaban waccan rigar ya tattare. Ban da haka, yawancin zare mai ƙyalli da ake kira siliki a kasuwa ba siliki ba ne na asali, zaren masana'anta ne da ake sarrafawa daga ɓargon itace, wanda ƙarfinsa ke raguwa ƙwarai idan ya jiƙe, har cuɗa kaɗan ta sa ya yi gashi ko ya tsinke.

Kafin rigar ta taɓa ruwa, ki gwada zaren. Ki jiƙa farin ƙyalle, ki juya rigar ciki waje, ki danna shi a bayan aikin na kamar minti ɗaya, sannan ki duba. Idan shuɗi ya fito a ƙyallen, to zaren yana zuba, kada ki tsoma rigar gaba ɗaya. Ki wanke wuyan kaɗai da soso mai laushi da kumfar sabulu, kina tsane ruwan da tawul don kada ya gangara kan aikin. Kada kuma ki dogara da gishirin da ake cewa yana kama launi, domin rinin zamani ba ya jin gishiri bayan an gama rina shi.

Idan ƙyallen ya fito fari, ki sami baho mai faɗi da ruwan sanyi, ki narkar da sabulu marar kaifi har ya yi kumfa kafin ki sa rigar, kada garin sabulu ya zauna a tsakanin zare. Ki sa ta a juye, ki riƙa dannawa da tafin hannu kina ɗagawa, ban da cuɗa wurin aikin, ban da buroshi, ban da barin ta a jiƙe ta wuce minti 10. Wuya da bakin aljihu kaɗai ke buƙatar murza, ita ma a hankali. Ki ɗauraye har ruwan ya fito garau, sannan maimakon matsewa ki shimfiɗa ta a kan babban tawul ki naɗe, tawul ɗin ya shanye ruwan. Ki ja gefen aikin da yatsu ya miƙe tun yana da danshi, ki shanya a inuwa mai iska, nauyinta a rabe bisa igiya biyu, domin jiƙaƙƙiyar babbar riga tana da nauyin da zai iya ja wuyan ya karkace. Injin wanki da bilic kuwa, ki raba su da wannan riga har abada.

Shawarata ta ƙarshe a gare ki ita ce a rage wankin kansa. Babbar riga a kan 'yar ciki ake sa ta, ba ta taɓa jiki sosai, don haka idan Alhaji ya dawo daga Idi ko ɗaurin aure, a rataye ta ta sha iska, a kakkaɓe ƙura, a ninke.

Tambaya: Na gaji rigar saƙi mai aikin tsamiya daga kakana. Bugu ya fi dacewa da ita ko guga? Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Allah Ya jiƙan kakanka, ɗana, ya bar maka abin da ba a cika samun irinsa a kasuwa yanzu ba. Zaren tsamiya siliki ne na gaske, daga saƙar wata tsutsa da ke rayuwa a bishiyoyi irin su tsamiya, kuma ana dafa saƙar a ruwan toka kafin a kaɗa ta. Siliki ɗan'uwan gashi ne wajen halitta, saboda haka bilic yana cinye shi, zafi mai tsanani kuma yana ƙona shi.

Bugu ne gyaran da aka san irin waɗannan riguna da shi tun asali. Mabuga, kamar waɗanda ke aiki kusa da marinar Ƙofar Mata a Kano, suna yayyafa wa riga ruwa, su ninke ta bisa gungumen icce, su yi ta dukanta da manyan sanduna har ta kwanta ta yi sheƙi. Sai dai rigar da ta tsufa zarenta ya bushe, dukan da sabuwar shadda za ta sha lafiya lau yana iya fasa ta a bakin ninki. Ka ɗaga ta ga haske tukuna. Idan ka ga wuraren da saƙar ta yi shara-shara, ka haƙura da bugu. Guga ta fi aminci a nan, amma daga ciki: ka shimfiɗa tawul mai kauri, ka kifa aikin a kansa, ka rufe bayan da farin ƙyalle mai ɗan danshi, ka riƙa ɗora dutsen guga mai matsakaicin zafi kana ɗagawa ba tare da ja ba. Ta haka aikin zai nutse cikin tawul ya fito da tudunsa, maimakon ya baje. Idan dutsen na gawayi ne, ka kula da tartsatsi.

Tambaya: Miyar manja ta ɗiga a kan aikin wuyan doguwar rigata. Mene ne magani? Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

Amsa: 'Yata, kada ki goga, kada kuma ki sa dutsen guga, zafi yana zaunar da tabo. Ki barbaɗa garin sitaci ko hoda a wurin ya kwana ya tsotse man, ki kakkaɓe, sannan ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke daga bayan yadin, ki ɗauraye da ruwan sanyi. Turare ma yana barin tabo, yana kuma dusar da zare mai ruwan zinariya, don haka a fesa a jiki ko a 'yar ciki.

Tambaya: Kayana na aikin hannu suna yin fumfuna a akwati da damina. Ina mafita? Daga wani magidanci a Kumasi.

Amsa: Malam, garinku yana da laima fiye da Arewa, kuma leda ce ke ƙara ta'azzara lamarin, domin tana riƙe danshi. Ka naɗe kowace riga a tsohon farin zane na auduga bayan ta bushe sarai, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka nisanta shi da bango. Rigar da za ta daɗe a ajiye kada a sa mata sitaci, kyankyasai da sauran ƙwari suna bin sa. Ka riƙa fito da kayan suna shan iska a ranar da gari ya washe, kana sauya musu ninki don kada layi ɗaya ya karya zaren. Idan za ka sa ƙwallayen kafur saboda asu, ka ƙulle su a ƙyalle kada su taɓa aikin, kuma kada akwatin ya haɗa da kayan jarirai, domin likitoci sun tabbatar cewa sinadarin da ke cikinsu yana iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani.