Tambayi Injiniya: Wai garin masara ma yana fashewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da injin niƙa a Dakata, muna niƙa masara da haɗa abincin kaji. Ƙura ta ishe mu, yaran aiki kullum cikin tari. Wani mai walda ya ce zai ƙera mini akwatin ƙarfe da fanka da buhuna a cikin sito, ya riƙa zuƙe ƙurar. Ɗana da ke Jami'ar Bayero ya ce abin zai iya fashewa. Ni dai dariya na yi. Shekara nawa muna shaƙar ƙurar hunturu a Kano, wa ya taɓa jin ta kama da wuta?
Alhaji mai niƙa, Dakata

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kuɗin makarantar yaron nan ba su tafi a banza ba.

Ƙurar hunturu turɓaya ce da iska ke kwasowa daga hamada, galibi daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, turɓaya kuwa ba ta cin wuta. Taka kuwa ƙurar abinci ce. Ka ƙyasta ashana a jikin buhun masara, da ƙyar zai kama. Amma idan aka niƙa masarar ta yi laushi ta tashi sama, iska ta kewaye kowace ƙwaya, sai ta ƙone gaba ɗaya kafin ƙiftawar ido. In a fili ne, wuta ce za ta yi bal ta wuce. In a rufaffen wuri ne, zafin ya rasa mafita, sai bango ya ba shi hanya.

To duba akwatin da mai waldarka ke son ƙera maka. Ga gari mai laushi, ga iska, ga fanka tana tayar da shi, ga murfi a rufe. Saura me? Tartsatsi kawai. Shi kuwa ba ya wuya a wurin niƙa: ƙusa ta biyo masara ta daki haƙorin inji, ko boris ya bushe ya yi zafi, ko bel ya riƙa gogar ƙarfe.

A ranar 7 ga Fabrairun 2008, matatar sukari ta Imperial Sugar a jihar Jojiya ta Amurka ta fashe, mutum 14 suka rasu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shekara guda kafin nan sun rufe bel ɗin da ke jan sukari da faifan ƙarfe don kada datti ya faɗa ciki. Rufewar ce ta sa ƙura ta taru ta yi kauri. Garin neman gira aka rasa ido. Kuma fashewar farko ba ita ta yi mummunar ɓarnar ba. Girgiza ginin ta yi, sukarin da ya daɗe kwance a ƙasa da saman ƙarafa ya tashi, wutar ta bi shi ɗaki-ɗaki.

Wannan ƙurar ta saman ƙarafa ita nake fara dubawa duk inda na shiga. Na taɓa zuwa wata masana'anta a Sharaɗa, ƙasa tas kamar a ci tuwo a kai, manaja yana ta alfahari. Na sa aka kawo tsani, na shafa ƙarfen rufi, yatsana ya nutse. Alhali ƙa'idar masu kashe gobara a Amurka ta ce kaurin da bai kai milimita ɗaya ba ma, in ya shimfiɗu da faɗi, ya isa haɗari.

Ban ce kada ka zuƙe ƙura ba, Alhaji, ƙirjin yaran nan amana ne a wuyanka. Amma akwatin ya fita waje, bayan gini, nesa da ƙofa da inda mutane ke zama. A fara da tanki mai siffar mazurari wanda ke jujjuya iska manyan ƙwayoyi su zube, sannan jakunkunan tacewa, fanka kuma a ƙarshe inda iska ta riga ta tsabtata. A yi wa akwatin marfi mai rauni da gangan, yana fuskantar inda ba kowa, domin in abu ya faru shi ya fara buɗewa. A bakin bututun da ya fito daga ɗaki a sa ƙyauren da ke rufe kansa, kada wutar ta dawo muku.

Bututu kuma na ƙarfe, ba na roba ba. Roba tana tara irin lantarkin nan da ke ɗan fizgar mutum in ya taɓa ƙofar mota da hunturu, don haka a haɗa ƙarafan duka da waya a binne ta a ƙasa. Iskar cikin bututun ta riƙa gudun kamar mita 20 a daƙiƙa. Masu walda suna son faɗaɗa bututu wai don ya ja da yawa, sai gudun ya ragu, gari ya kwanta a ciki. Sa maganaɗisu a bakin inji ya kama ƙusa.

Shara kuwa, a hana yara hura ƙura da iskar kwamfuresa. A kashe inji, a goge a hankali, har saman ƙarafa. Ranar da mai waldar zai zo aiki ma, sai an share wurin tsaf kafin ya kunna wutarsa.