Amsa ga Maman Ilham: bazarar ƙauyen Ingila ba irin tamu ba ce

Assalamu alaikum. Maman Ilham, tun jiya na ga tambayarki, cewa maigida ya samu aiki a wani ƙauye a arewacin Ingila, za ki bi shi da yara a watan Maris, kuma tunda an ce miki bazara ce lokacin, ko ba sai kin wahalar da kanki da kayan sanyi ba. Shekara huɗu na yi a wani ƙauye kusa da Skipton, a yankin Yorkshire, ina aikin jinya kafin mu dawo Kaduna.

Sunan ne ya ruɗe ki, ni ma haka ya yi min. Mu nan in an ce bazara, zufa ce da mangwaro da kwanan tsakar gida in an ɗauke wuta. Can kuwa za ki leƙa ta taga ki ga rana tarwai, ki fito da mayafi kawai, iska ta mare ki kamar asubar Janairu a Kawo. Kafin ki kai bakin titi yayyafi ya sauko. Ki shiga Kasuwar Barci ki zaɓo wa yara suwaita da safa na kwanakin farko, amma rigar ruwa da takalmin roba ki bari sai kin isa, akwai shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji a kusan kowane gari. Ki kuma tambayi maigida da me ake ɗumama gidan. Gidajen ƙauye da yawa ba su da bututun gas, tankin mai ne a bayan gida. Namu ya ƙare ranar wata Asabar, mai gidan hayar bai taɓa ce mana mu riƙa dubawa ba, kwana uku muna barci da hula.

Abin da zai faranta miki shi ne haske. A Disamba ƙarfe huɗu ba ta cika ba an yi magariba, amma daga Maris kullum yini ƙaruwa yake. Lahadin ƙarshe ta Maris ake tura agogo gaba da awa ɗaya, sai lokacinku ya zo daidai da na gida, kiran Hajiya ya yi sauƙi. Sai dai ki riƙe jadawalin salla, don asuba na ja baya, isha na yin gaba. Azumin 2018 a Mayu da Yuni ya same mu, kusan awa 18 muke yi, sai wajen tara da rabi na dare a sha ruwa. Yara kuma ba sa yarda dare ya yi in suna ganin rana, sai da na sa labule mai kauri.

A bazarar ne tumaki ke haihuwa, ko'ina 'yan raguna na tsalle cikin kore shar, furanni ruwan ɗorawa a gefen hanya. Gwanin sha'awa, amma a matsayina na ma'aikaciyar jinya ki ji wannan da kyau: in kina da juna biyu, kada ki kusanci tunkiyar da ke haihuwa ko jaririnta, kada ki wanke kayan wanda ya taɓa su. Hukumomin lafiyarsu kan yi wannan gargaɗi, saboda akwai cututtukan da ke jawo ɓari. Mu da muka tashi da tumaki a tsakar gida sai mu raina maganar. Haka in yaro ya kama atishawa da ƙaiƙayin ido a Afrilu, ba lallai mura ba ce, ƙurar furen itatuwa ce, ki je kemis. Warin taki kuwa, in manoma suka fara watsa shi a gona, kwashe shanyarki kawai.

Na yi wautar shuka tumatir da alayyafo a waje tsakiyar Afrilu, ganin rana ta fito. Dare ɗaya sanyi ya ƙone su ƙurmus. Wata tsohuwa maƙwabciyata, wadda wata biyar ba abin da ke haɗa mu sai ɗaga hannu, ta leƙo ta katanga tana dariya, ta ce a nan ba a fitar da tumatir sai ƙarshen Mayu. Washegari ta kawo min dashe a tukwane. Na aika mata da dambun nama, daga nan zumunci ya ƙullu, ita ta nuna min inda mata ke haɗuwa shan shayi da 'ya'yansu. Mutanen can ba sa shigo miki gida da sallama kamar a Tudun Wada. Duk hunturu suna ƙunshe a ɗaki, sai bazara suke fitowa gyaran lambu, to a nan ake kama su. Ki fita ki gaishe su, ko kina jin nauyi, don kaɗaicin Nuwamba ba ya wa wadda ba ta san kowa ba da sauƙi.

Sai mota. Bas ɗin ƙauyenmu bai fi sau huɗu a yini ba, Lahadi babu. Lasisinki na Najeriya wata 12 kawai zai yi miki aiki, don haka ki fara neman nasu tun kina isa, ki koyi waɗannan siraran hanyoyin masu katangar dutse tun da sauran haske. Naman halal da masallacin Juma'a mu Bradford muke zuwa, mu ciko firiza sau ɗaya a wata. Doya da attarugu duk akwai a can. Kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa ne za ki nema ki rasa, su ki ƙulla da yawa, amma kilishi ki bar shi a gida, ba a yarda a shiga da nama ba.

Allah Ya kai ku lafiya, a shafa min kan Ilham.