Gunki na hannu ne ko na zuciya?

TAMBAYA: Baba Fasto barka da aiki. Ni ɗan Kafanchan ne, ina sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas. A nazarin Littafi Mai Tsarki wani ɗan'uwa ya ce duk inda aka ambaci gumaka wai ba gunkin gaske ake nufi ba, misali ne kawai na abin da ke cikin zuciya kamar tsoro da kwaɗayi. Abin ya ɗaure min kai, haka ne kuwa?

AMSA: Ɗana, ɗan'uwan nan yana da gaskiya amma ya zarce. Gumakan nan da hannu aka yi su fa. A Fitowa 32 'yan kunnen zinariya mutane suka cire suka ba Haruna ya yi ɗan maraƙi, da Musa ya sauko ya ƙone shi ya niƙe ya watsa a ruwa ya sa suka sha, mutum wajen 3,000 suka mutu ranar. Wannan ai ba misali ba ne.

Sai dai batun zuciya ma yana cikin Littafin. Duba Ezekiyel 14, dattawan Isra'ila suna zaman bauta a Babila suka zo suka zauna gaban annabi kamar masu neman Allah, sai Allah ya ce mutanen nan sun kafa gumakansu a zukatansu, har ya tambaya ko ya ma kamata ya saurare su. Bulus kuma a Kolosiyawa 3:5 ya kira kwaɗayi bautar gumaka ƙarara.

Nan ne abin yake damuna sosai. Tashi da asuba a tari motar kaya daga Arewa ba laifi, neman halak ne, amma ranar da tsoron asara ya sa ka cika ƙasan kwando da ruɓaɓɓe ka jera masu kyau a sama, ka kuma rantse wa kwastoma, to wa ka yi wa biyayya? Tsoron nan ne ya ba da umarni ka bi.

Kada dai ku ce komai misali ne, don a Legas ɗin nan akwai masu zuwa coci ran Lahadi alhali sun binne laya a ƙofar shago, da kuɗinsu suka karɓo wajen boka don kasuwa ta buɗe. In ka ce wa irin wannan gunki a zuciya kaɗai yake, ba zai taɓa tone layar ba.