Kare ya yi cizo a gona: wa za a sanar, kuma me za a yi da karen?

Tambaya: Malam, karen maƙwabcina na gona ya ciji ɗana mai shekara 8 a ƙwauri. Raunin bai yi zurfi ba, kuma mai karen ya rantse lafiyarsa ƙalau. Wasu sun ce in sanar da hukuma, ni kuwa ba na son abin da zai ɓata zaman mutuncin da muka daɗe muna yi. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya ba yaro lafiya. Kafin maganar hukuma, a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15. A duba agogo, domin yawancin mutane da sun yi minti 2 sai su ga kamar sun gama. Kada a zuba toka ko barkono ko wani ganye. A kai shi asibiti a ranar. Ma'aikacin lafiya ne zai yanke hukunci kan allurar rigakafin haukan kare da ta tetanus, kuma idan haƙori ya huda fata har jini ya fito, akwai wata allura ta daban da ake yi a cikin raunin da kewayensa.

Sanar da hukuma kuwa, ɗan'uwa, ka yi. Ka je ofishin likitan dabbobi mafi kusa da kai, ko ka roƙi asibitin su isar musu. Wannan ba ƙarar maƙwabci ba ce, kuma yana da kyau ka faɗa masa haka da bakinka, har ma ku tafi tare. Abin da ake nema shi ne a killace karen a sa masa ido kwana 10. Dalili kuwa, idan akwai ƙwayar cutar a miyansa ranar da ya yi cizon, cikin waɗannan kwanaki zai nuna ciwo ko ya mutu. In ya cika kwana 10 yana ci yana sha lafiya, hankalin kowa ya kwanta. Rantsuwar mai kare ba ta isa hujja ba, ko da shi mai gaskiya ne, saboda kare kan fara ɗaukar cutar a miyau kwanaki kaɗan kafin a ga alama a jikinsa.

Abu ɗaya nake jaddadawa: kada a ce sai an ga ƙarshen kwana 10 ɗin kafin a fara wa yaro allura. A fara, in ya so likita ya dakatar daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Takan kwanta a jiki wata 2 zuwa 3, wani lokacin mako guda kawai, wani lokacin har shekara. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Rauni ya warke, an manta, sai ciwo ya taso. Wannan shi ne abin da ke tayar mini da hankali duk lokacin da na ji an ce ai cizon ƙarami ne.

In za ka je, ka riƙe ranar da lokacin da abin ya faru, wurin da aka ciza a jiki, kamannin karen, da takardar allurarsa in mai shi yana da ita. Ka faɗa musu ko yaron ya tsokane shi ne ko haka kawai ya far masa, kuma ko ya ciji wani mutum ko wata dabba.

Tambaya: Wani baƙon kare ya shigo mana garke da dare, ya ciji awaki 2 da saniya. Mun kashe shi. Tunda ya mutu, akwai sauran abin da za a kai wa hukuma?

Amsa: Akwai, kuma da gaggawa. Da ƙwaƙwalwar dabba ake gwajin wannan cuta, don haka kada a farfasa kan, kada a jefar da gawar ko a bar ta cikin rana ta ruɓe. Kada kowa ya taɓa ta da hannu tsirara. Ka kira likitan dabbobi ya ɗauki samfur. Kare da ba a san mai shi ba, ya shiga garke yana cizo babu dalili, mai yiwuwa ya bi ta gonaki da yawa kafin ya iso naka, kuma rahotonka ne zai sa a bi sawunsa a gargaɗi sauran makiyaya, a kuma yi wa karnukan yankin allura. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, yaɗuwar cutar takan tsaya.

Awakin da saniyar kuma ka ware su daga garke, ka wanke raunukansu da sabulu kana sanye da safar hannu. Kada ka yi sauri ka kai su kasuwa don gudun asara, domin hakan kai wa wani bala'i ne har gida. Dokar tsawon killacewa ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ka shirya wa watanni, ba kwana 10 ba. Ƙa'idar kwana 10 ta dabbar da ta yi cizo ce, wato kare ko kyanwa. Duk wanda ya ji rauni wajen kashe karen, ko miyansa ya taɓa masa ido ko baki ko wani ƙurji, ya tafi asibiti.

Tambaya: Saniyata tana ta dalalar miyau da kuka, ba ta iya haɗiya. Na sa hannu a bakinta ina zaton wani abu ne ya maƙale, ban sami komai ba.

Amsa: Haka haukan kare yakan bayyana a jikin shanu, kuma ta wannan hanya makiyaya da dama ke shiga hatsari. Yana iya zama wani ciwon daban, amma kada ka jira ka gani. Ka wanke hannunka da sabulu minti 15, ka je asibiti yau ka faɗi abin da ya faru, musamman in akwai tsaga ko ƙurji a hannun. Ka ɗaure saniyar ita kaɗai, a daina tatsarta, kada a yanka ta, kuma kada yara su matsa kusa har likitan dabbobi ya iso.