Me ya sa liftar otal a Urushalima ke tsayawa a kowane bene ranar Asabar?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina cikin waɗanda suka je ziyarar ibada Isra'ila. A otal ɗin da aka sauke mu a Urushalima, tun daga yammacin Juma'a sai ɗaya daga cikin liftocin ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai, tana tsayawa a kowane bene, maɓallanta kuma ba sa aiki. Aka ce mana don Yahudawa aka yi, wai ba sa aiki ranar Asabar. To danna maɓalli wane aiki ne, alhali mai hawa bene bakwai da ƙafa ya fi shan wahala? Wannan ba wayo ba ne kuwa? Sannan mene ne zaren nan da ke lilo a kugun mazansu? Daga wata mai karatu a Kafanchan.

Amsa: Malama, barka kadai. Abin da ya ɗaure miki kai shi ne kin auna aiki da gumi, su kuwa malaman Yahudawa ba da gajiya suke aunawa ba. Abin da suka haramta shi ne mutum ya ƙirƙiro wani abu ko ya sauya masa kama da hannunsa, domin a wurinsu ranar tunawa ce da cewa Allah ya kammala halitta a kwana shida. Shi ya sa Bayahude mai kiyaye Asabar zai iya jan babban teburi daga ɗaki zuwa falo don baƙi, amma ba zai ƙyasta ashana ba, ba zai rubuta ko harafi biyu ba.

Attaura ba ta jera ayyukan dalla-dalla ba. Malamansu sun lura cewa a Littafin Fitowa sura 35 umarnin Asabar ya zo dab da bayanin gina alfarwar sujada a jeji, sai suka ce duk sana'ar da aka yi wajen haɗa alfarwar ita ce aka hana. A Mishna, kundin shari'arsu da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, an ƙidaya iri 39. Manomi da masaƙi da majemi duk za su ga sana'arsu a ciki: huɗa, shuka, girbi, sussuka, sheƙa, niƙa, tankaɗe, kwaɓa, gashi, sai rini, kaɗi, saƙa, ɗinki, sai farauta, yanka, fiɗa, sai rubutu, gini, rushewa, kunna wuta, kashe ta, da fitar da kaya daga gida zuwa titi.

Wuta kam an ambace ta da sunanta a aya ta 3 ta wannan surar: kada a hura ta a gidaje ranar Asabar. Da lantarki ya shigo gidaje sai tambaya ta taso. Ƙwan fitila irin na da, mai zaren ƙarfe da ke yin ja, yawancin malamai suka ce wuta ce. Wani babban malami da ake wa laƙabi da Hazon Ish, wanda ya rasu a 1953, ya kawo wata hujjar, cewa haɗa hanyar lantarki ta fara aiki wani nau'in gini ne. Hujjojin sun sha bamban, amma hukuncin masu bin tsohuwar hanya ɗaya ne: ba a taɓa makunni.

Sai dai haramcin yana kan hannun mutum ne, bai hau kan wutar ba. Abin da aka kunna kafin rana ta faɗi ranar Juma'a yana iya ci gaba da ci. Uwargida takan kunna kyandirori minti 18 kafin faɗuwar rana, a Urushalima kuwa al'adar minti 40 ce, wataƙila ma kin ji jiniyar da ake busawa a lokacin. Tukunyar wake da nama da dankali, wadda Yahudawan Turai ke kira cholent, a kan murhu take kwana don a ci da zafi bayan an dawo daga majami'a. Muhawara kan barin wuta tana ci ranar Asabar tsohuwa ce. Ƙungiyar Karayawa, da suka ƙi bin fassarar malaman, a zamanin da cikin duhu suke kwana daren Asabar, su ci abinci mai sanyi. Liftar da kika gani jikar tukunyar nan ce: an saita ta tun Juma'a, mai shiga bai ba ta umarnin komai ba. A 2001 majalisar dokokin Isra'ila ta yi doka kan sanya irin wannan tsari a sababbin dogayen gidaje masu lifta fiye da ɗaya.

Game da wayo kuwa, ni ban kira shi haka ba, tunda ƙa'idar ta girme wa liftar da shekaru fiye da dubu, kuma tsoho ko mai jego da ke hawa na goma shi ya fi amfana. Amma ba ke kaɗai kika yi tantama ba. A 2009 wasu manyan malamai, ciki har da Yosef Shalom Elyashiv, sun fitar da fatawa kan ƙin amfani da ita, domin nauyin mai shiga yana shafar aikin injin. Har gobe akwai masu bin matakala saboda haka. Inda babu saɓani shi ne ceton rai: motar asibiti tana gudu, likita yana aiki, mai naƙuda ana kai ta a mota. Kuma ba kowane Bayahude ke wannan tsanani ba. Bakin teku a Tel Aviv cike yake ranar Asabar, ko da yake jiragen El Al, kamfanin jiragen saman Isra'ila, ba sa tashi, motocin safa na jama'a ma a ajiye suke a yawancin garuruwa har sai taurari uku sun fito da dare.

Zaren da kika gani sunansa tzitzit. Littafin Ƙidaya 15:38 ya umarci Isra'ilawa su sa tuntaye a kusurwoyin tufafinsu don in sun gani su tuna da dokokin Allah. Hukuncin ya shafi tufa mai kusurwa huɗu ne, tufafin yanzu kuwa ba haka ake ɗinka su ba, sai aka yi wata 'yar riga ta musamman da ake sawa ƙarƙashin taguwa. Kowace kusurwa tana da silin zare takwas, a ɗaurin da aka fi sani da ƙulli biyar. Wasu na cusa su cikin wando, wasu su bar su a waje. Babban mayafin da suke yafawa wajen addu'ar safe, tallit, shi ma irin tuntayen ne a gefensa. Ƙananan akwatunan fata da ake ɗaurawa a goshi da dantse kuwa, wato tefillin, na ranakun aiki ne, ba za ki gan su a jikin kowa ranar Asabar ba.