Shin uba zai iya dawowa daga tafiyar taurari ya tarar 'yarsa ta girme shi?

Tambaya: Ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya. Matuƙin kumbo mai shekara 30 ya bar 'yarsa tana da shekara 5, ya tafi wani tauraro da gudun da ya kusa na haske, ya dawo ya tarar ta girme shi. Wannan abu yana da tushe a kimiyya, ko dai ƙarin gishirin marubuta ne? In yana da tushe, yaya zan lissafa shekarun don kada masu karatu su kama ni da kuskure?

Amsa: Malam, yana da tushe, har an auna shi da agogo. Albert Einstein ne ya fitar da ƙa'idar a 1905: haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk wanda ya auna gudunsa adadin nan zai samu, yana tsaye ne ko yana gudu. Abin da ya biyo baya shi ne agogon da ke tafiya yana ƙirga lokaci ƙasa da wanda aka bari a gida. A 1971 Joseph Hafele da Richard Keating suka ɗora agogunan atam, wato agogunan da suka fi kowanne daidaito, a jiragen fasinja suka zagaya duniya da su, suka dawo suka tarar sun saɓa da agogunan ƙasa kamar yadda lissafi ya nuna. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira muon, waɗanda ke samuwa wajen kilomita 15 a sama. Matsakaicin tsawon rayuwarsu kashi 2.2 cikin miliyan na daƙiƙa ne kacal, wanda da ƙyar zai kai su mita 660, amma ga su suna isowa ƙasa da yawa, domin gudunsu ya ja musu lokaci.

Lissafin kuwa kalkuleta mai maɓallin √ ta ishe ka. Rubuta gudun kumbon a matsayin kason gudun haske, misali 0.99. Ninka shi da kansa, ka sami 0.9801. Cire wannan daga 1, saura 0.0199. Danna √, ka sami 0.141. Duk shekarun da suka wuce a duniya ka ninka su da wannan adadi, abin da ya fito shi ne shekarun matuƙin. A rabin gudun haske adadin 0.866 ne, wato bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai gudu ya kai 0.866 kafin lokacin matuƙin ya koma rabi. A 0.9 adadin 0.436 ne, a 0.999 kuwa 0.045. Ka lura, kusan duk abin mamakin a ƙarshen ƙarshe yake taruwa. Marubucin da ya ba kumbonsa kashi 10 cikin 100 na gudun haske, sannan ya ce ƙarni ya shuɗe a gida, ya yi kuskure babba, don a wannan gudun bambancin rabin kashi ɗaya ne cikin 100.

Mu ɗauki labarinka. A ce tauraron yana nisan shekarar haske 20, wato nisan da haske ke ci a shekara 20. Zuwa da dawowa a gudun 0.99 zai ci shekara 40.4 a agogon duniya. Ninka da 0.141, matuƙin ya yi shekara 5.7 kacal. Ya dawo yana dab da 36, 'yarsa tana da 45. Ta girme shi.

Sai dai wannan lissafi ya ɗauka kumbon ya tashi da cikakken gudunsa nan take, ya kuma tsaya cak nan take, kuma a nan yawancin labarai suke tuntuɓe. Jikin ɗan Adam ba zai jure hakan ba, zai murƙushe ne a bangon kumbon. Abin da jiki zai iya ɗauka na tsawon shekaru shi ne ƙarin gudu daidai da ƙarfin jan ƙasa, wato kusan mita 9.8 a daƙiƙa ana ƙarawa kowace daƙiƙa. Amfaninsa ma biyu ne, domin mutanen ciki za su ji nauyinsu kamar suna gida, su yi tafiya da ƙafa, su zuba ruwa a kofi ya zauna. A wannan tsari sai matuƙin ya yi fiye da shekara biyu da rabi yana ƙara wuta kafin ya kai 0.99, kuma kafin nan ya riga ya cinye nisan shekarar haske kusan 6. Tsayawa ma haka take. Babu birki a sarari, sai dai a tsakiyar hanya a kashe injin, a juya kumbon baya ya koma gaba, a sake kunnawa har gudun ya ƙare. In ka bi wannan hanya zuwa tauraronka da dawowa, matuƙin zai yi shekara 12, duniya ta yi kusan 44. Uba 42, 'ya kusan 49. Labarinka bai rushe ba, tazarar ce ta ragu. Amma da Proxima Centauri ka zaɓa, tauraro mafi kusa da rana mai nisan shekarar haske 4.2, da bai yiwu ba: zuwa kawai shekara 3.5 ne a kumbo, 5.9 a duniya. Saboda haka ka zaɓi tauraro mai nisa.

Kada ka sa matuƙin yana jin lokaci na tafiyar hawainiya. Bugun zuciyarsa, yunwarsa, tsiron gemunsa, agogon hannunsa, duk suna tafiya yadda ya saba. Abin da zai gani ya canza shi ne tsawon hanya: a gudun 0.99, nisan shekarar haske 20 zai auna shi ƙasa da 3. Mai karatu mai kaifin basira zai tambaya, tunda shi ma matuƙin yana iya cewa duniya ce ke gudu ba shi ba, me ya sa ba 'yar ce za ta rage tsufa ba? Dalili shi ne shi ne ya kunna inji, ya juya, ya dawo, ita kuwa ba ta sauya tafiyarta ba. Wanda ya juyo shi ne agogonsa ke ƙirga kaɗan.

Saƙonni wuri ne mai daɗi ga marubuci, ga shi ba a cika amfani da shi ba. Yana tafiya da gudun 0.99, in 'yarsa tana aiko masa da saƙon bidiyo kowace shekara, shi sai bayan shekara 14 na agogonsa zai karɓi na gaba, wato kusan shiru ne har ya isa. A hanyar dawowa abin ya juye, saƙo na shigowa kusan kowane kwana 26, ya riƙa kallonta tana girma a gabansa. Hira ta kai tsaye da gida kuwa babu ita sam, kada ka saka ta.

Abin da ya hana a yi tafiyar a zahiri makamashi ne. Kilo ɗaya kacal in za a kai shi gudun 0.99, yana buƙatar ninki shida na makamashin da za a samu da an mayar da kilon kansa makamashi gaba ɗaya. Kumbo mai tan 1,000 zai lashe abin da duk mutanen duniya ke amfani da shi a kusan shekara 900 a yadda ake ci yanzu, ba a ma sa nauyin man da zai ɗauka da na tsayawa ba. Kuma duk yadda aka matsa kusa da gudun haske buƙatar hauhawa take yi ba iyaka, shi ya sa abu mai nauyi ba ya kai shi. Don ka ga nisan da ya rage, kumbon Parker na hukumar NASA, wanda ya fi duk abin da ɗan Adam ya ƙera gudu, ya kai wajen kilomita 190 a daƙiƙa a Disambar 2024, ko kashi ɗaya cikin 1,000 na gudun haske bai kai ba.

Ga kuma ƙura. Sararin da ke tsakanin taurari ba fanko ba ne. Ƙwayar ƙura mai nauyin miligiram ɗaya in ta ci karo da kumbon a gudun 0.99, tamkar fashewar tan 130 na nakiyar TNT ce. Iskar haidurojin da ke warwatse a hanya kuma tana komawa tururi mai guba irin na nukiliya da ke kashe mutum da lalata na'urori. Don haka ka ba kumbonka garkuwa mai kauri a gaba, ka kuma yi tunanin yadda za ta kāre shi bayan an juya shi.

Kada kuma ka haɗa wannan da abin da aka nuna a fim ɗin Interstellar na 2014, inda awa ɗaya a wata duniya take daidai da shekara 7 a tamu. Wancan ba gudun kumbo ne ya jawo shi ba, ƙarfin jan baƙin rami ne, wato wani wuri a sarari mai tsananin ja wanda ko haske ba ya kuɓuce masa, kuma bayaninsa yana cikin ƙa'idar da Einstein ya kammala a 1915. Taurarin ɗan Adam na GPS suna fuskantar duka biyun: gudunsu yana rage wa agogonsu kusan kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa kullum, nisansu da ƙasa yana ƙara masa 45, saura 38 da dole injiniyoyi su gyara. In babu baƙin rami a labarinka, lissafin gudu kaɗai za ka yi. Ko wanne ka bi, gaba kawai yake kai mutum, matuƙinka ba shi da hanyar komawa shekarar da ya tashi.