Sikila, Haihuwar Mata da Maganin da Ya Daina Ci: Likita Ya Amsa

Tambaya: Likita, ni AS ce, wanda zan aura ma AS ne, har an kai kuɗin gaisuwa. Ƙawata ta ce cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai ke zuwa da sikila, don haka mu tsaya a uku. Haka ne? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: 'Yar'uwa, lissafin ƙawarki ya karkace. Kowa yana ɗauke da ƙwayoyin gado biyu na sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ke kina da A (lafiyayya) da S (ta sikila), shi ma haka. Duk cikin da aka samu, ke za ki ba da ɗaya, shi ya ba da ɗaya. Idan S ta gamu da S, yaro ya zama SS, wato mai sikila. Wannan "ɗaya cikin huɗu" da ake faɗa, ƙuri'a ce da ake sake jefawa a kowane ciki, kuma ƙane bai san abin da yayansa ya ɗauka ba. Na ga gidan da 'ya'yan fari uku a jere duk SS ne, na kuma ga inda aka haifi shida babu ko ɗaya.

Ki san abin da ake magana a kai. Jajayen ƙwayoyin jinin mai SS sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne ciwon ƙashin nan mai hana barci. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, tasu kuwa kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke yawan yi musu ƙaranci. Da kulawa, da gidan sauro, da magani irin su hydroxyurea, da yawansu suna girma su yi karatu su yi aure. Amma ɗawainiya ce ta har abada, kuma uwa ce ke kwana asibiti. Ku sake gwajin a wani asibitin daban, don ana samun kuskure. In sakamakon bai canja ba, ku zaunar da iyaye tun ba a sa rana ba.

Tambaya: Me ya sa sikila ta fi yawa a cikinmu fiye da Turawan Ingila? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Sauro ne sila, ɗalibi. A 1954 wani masanin kimiyya, Anthony Allison, ya nuna, daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka, cewa mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A zamanin da babu magani, yara masu AS sun fi rayuwa har su girma su haihu, sai S ta yi ta yaɗuwa daga kaka zuwa jika. Yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ita. Ba launin fata ba ne ma'auni: akwai ta a Indiya, da gabashin Saudiyya, da wasu sassan Girka, duk inda zazzaɓin ya daɗe. Kada dai mai AS ya ce ya fi ƙarfin sauro, shi ma yana kamuwa.

Tambaya: 'Ya'yana biyar duk mata ne, dangin mijina suna cewa daga gare ni ne. Daga wata uwa a Azare.

Amsa: Hajiya, ƙwayoyin gado X da Y ne ke tantance jinsi, kuma ƙwan mace X kawai yake ɗauke da shi. Maniyyin namiji ne ke zuwa da X ko Y. In X ya riga isa a sami mace, in Y ne a sami namiji. Shi ma maigidan ba zaɓa yake yi ba, balle ke. Allah Ya raya miki su.

Tambaya: A da kulorokwin kaɗai muke sha mu warke daga zazzaɓin cizon sauro. Yanzu an ce ba ya aiki. Jabu ake kawo mana? Daga wani dattijo a Funtuwa.

Amsa: Baba, jabu kam akwai shi a kasuwa, amma ko na gaske ne ya daina ci. Ƙwayar cutar ce ta sauya. Cikin miliyoyin da ke jinin majiyyaci, akan sami 'yan kaɗan da wani ɗan canji a halittarsu ya sa magani ba ya kashe su. Sauran su mutu, su kuwa su hayayyafa, sauro ya kai su gidan maƙwabci. A hankali suka mamaye, har Najeriya ta koma amfani da haɗin magungunan ACT a 2005. Abin da ke damuna shi ne yadda ake shan na kwana ɗaya, jiki ya yi sanyi, a ajiye sauran wa mai zazzaɓi na gaba. A yi gwaji kafin a sha, in kuma an fara, a cika kwana ukun nan cif.